Ƙwallon da Ta Iso Kamba, da Waɗanda Suka Maƙale a Hanya

Gernot Rohr, dattijon kocin nan haifaffen Jamus, ya horar da 'yan ƙwallon Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya riƙe Super Eagles daga 2016 zuwa ƙarshen 2021, a 2023 kuma ya karɓi Benin. A wani wuri wannan labarin Bature ne mai yawon neman abinci. A Kamba labarin gida ne, don ƙasashen nan uku a nan suke gugar juna. In iyaka na buɗe, mutum zai tashi daga Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, ya ci kasuwa a Gaya ta Nijar, ya haye gadar kogin Kwara ya yi azahar a Malanville ta Benin, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Ta wajen Bagudo kuma hanyar Tsamiya ce ke fitar da kai Segbana. Kuɗin aljihu ya bambanta, nan naira can sefa. Boko ya bambanta, nan Ingilishi can Faransanci. Kakin masu tare hanya ma ba iri ɗaya ba ne. Amma ranar da Benin ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a Abidjan cikin Yunin 2024, da ranar da Najeriya ta rama da ci 4 da nema a Uyo cikin Oktoban 2025, Victor Osimhen ya zura uku shi kaɗai, daga Badande har Bazabarme, daga Bahaushe har Bafulatani, babu wanda ya nemi a yi masa bayanin abin da ya gani.

Mun saba da haka har muna ɗauka da shi aka halicci duniya: in an ce ƙwallo, to mutum goma sha ɗaya ne nan, goma sha ɗaya can, raga biyu, hannu kuma haramun sai ga gola. Alhali ƙwallon ƙafa 'ya ɗaya ce a gida mai 'ya'ya da yawa. Tana da 'yan'uwa shida da suka girma suka yi arziki a wasu ƙasashe: zari-ruga iri biyu, ƙwallon Amurka da ta Kanada, ta Ostareliya, da ta Ailan. Akwai cikinsu mai tara mutum dubu ɗari a fili ɗaya. Ko ɗaya ba ta kafa gindi a ƙasar Dandi ba. In ka tambayi dalili, amsar da za a fi ba ka ita ce wai ƙwallon ƙafa ta fi daɗi. Wannan ba amsa ba ce. Mutumin Melbourne zai rantse maka tasa ta fi, shi ma kuma da gaskiyarsa.

A ƙauyukan Ingila na dauri, ƙwallo hargitsi ce. Unguwa ta fito, wata unguwar ta fito, a jefa mafitsarar alade da aka hura, kowa ya sa hannu da ƙafa da gwiwa har a kai ta wata alama a ƙarshen gari. A 1314 sai da aka yi shela a Landan da sunan Sarki Edward na Biyu aka hana ta saboda tashin hankali. Ƙwallon da muka sani ta fito ne daga makarantun kwana na 'ya'yan masu hali a ƙarni na 19, inda kowace makaranta ta yanka dokar da ta dace da filinta. Ɗaliban Charterhouse da Westminster a daɓen dutse suke wasa, wanda ya faɗi ya ji jiki, don haka suka karkata ga jan ƙwallo da ƙafa. Makarantar garin Rugby tana da fili mai ciyawa, sai ɗalibanta suka saba rungumar ƙwallo su ruga, a bi su a kayar. Ana ba da labarin wani yaro William Webb Ellis da ya fara yin haka a 1823. Masana tarihi ba su gaskata labarin ba, amma sunansa ne a jikin kofin duniya na zari-ruga har yau.

Da yaran nan suka haɗu a jami'a da wuraren aiki, sai wasa ya gagara, kowa da dokar makarantarsu. Ranar 26 ga Oktoba 1863 wakilan wasu kulob-kulob suka zauna a Freemasons' Tavern da ke Landan suka kafa hukumar FA, wani lauya Ebenezer Morley ya tsara musu dokoki 13. Abu biyu suka raba zaman: gudu da ƙwallo a hannu, da harbin ƙwaurin abokin karawa da gangan. Masu rinjaye suka soke duka biyun. Kulob ɗin Blackheath ya yi fushi ya fice, a ganinsa wasan da ba a harbin ƙwauri ba na maza ba ne. A 1871 masu irin ra'ayinsa suka kafa tasu hukumar ta zari-ruga.

Rabuwar da ta fi wannan nauyi, a ganina, ba a kan hannu da ƙafa aka yi ta ba, a kan kuɗi ne. Da wasan ya shiga garuruwan masaƙu da ma'adinan kwal na arewacin Ingila, sai ya faɗa hannun lebura, wanda in ya bar aiki ranar Asabar don buga ƙwallo an yanke masa ladan ranar. Hukumar FA ta yi ta ja, daga baya ta sakko a 1885 ta halatta biyan 'yan wasa, a 1888 aka fara gasar lig da kulob 12. Manyan zari-ruga kuwa suka kafe: wasa na mai rufin asiri ne, wanda bai iya bugawa kyauta ya zauna gida. A 1895 kulob 22 na arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle. Su ne suka zama zari-ruga ta lig, wadda daga 1906 ta rage 'yan wasa zuwa 13, yau kuma ƙungiya ke da damar a kayar da ita sau shida kafin ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Tsohuwar zari-ruga mai mutum 15 ba ta yarda a biya ɗan wasa a fili ba sai 1995, shekara ɗari cif bayan ɓallewar. Cikin shekarun nan ɗari ƙwallon ƙafa ta riga ta bi ma'aikatan jirgin ruwa da na jirgin ƙasa ta cinye duniya.

Ga wanda bai taɓa kallon zari-ruga ba, ƙa'idarta a taƙaice: ƙwallon doguwa ce kamar ƙwai, ana gudu da ita a hannu, amma ba a miƙa wa abokin wasa ita ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5, in an harba ta ta bi tsakanin dogayen sanduna a ƙara 2, bugun laifi kuma 3. Minti 80 ake yi. Wanda ke riƙe da ƙwallo halal ne a cafke shi a maka da ƙasa.

Amurkawa daga nan suka ɗauka suka yi nisa. Wasan jami'o'i na farko, tsakanin Rutgers da Princeton a Nuwamban 1869, ya fi kama da ƙwallon ƙafa. Harvard ce ta koyo zari-ruga wurin ɗaliban McGill na Kanada a 1874, sannan Walter Camp na Yale ya sake mata fasali daga 1880: mutum 11, a jera sahu biyu fuska da fuska, a tsaya bayan kowane kayarwa a sake shiri. Yau ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kasa ta miƙa ƙwallo. Kai ta ƙarshen fili maki 6 ne. Wasan ya yi muni har a kakar 1905 aka rasa rayukan 'yan wasa aƙalla 18, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa, a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba don a warwatsa cunkoson. Gasar NFL ta samo asali a 1920, wasan ƙarshe na Super Bowl kuma a 1967. Kanada ta riƙe tata mai mutum 12 da dama uku.

Wannan wasa ne na masu kuɗi tun daga tushe. Kowane ɗan wasa sai da kwalkwali da sulken kafaɗa. Kulob na NFL yana riƙe da mutum 53, alƙalai bakwai ne a fili, minti 60 na agogo kuma yakan ci sama da awa uku saboda tsaye-tsaye da tallace-tallace. Da duk sulken nan kai bai tsira ba, kuma ɗan Najeriya ne ya tona. Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh a 2002 ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster, ya ga lahanin da yawan karo ke haifarwa, ya wallafa a 2005. Hukumar gasar ta daɗe tana musantawa kafin ta sauko. 'Yan Najeriya sun yi suna a wasan, tun daga Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya fi kowa cin yadi da gudu a kakar 1989 a Kansas City Chiefs, zuwa Osi Umenyiora da ya ci Super Bowl biyu da New York Giants. Sai dai ka lura, dukkansu sai da suka bar gida suka iske wasan a can. Shi wasan bai zo ya iske su ba.

Ta Ostareliya 'yan kurket ne suka ƙirƙire ta a Melbourne, Tom Wills da abokansa, don kada jiki ya mutu lokacin sanyi. Sun rubuta dokokinsu a 1859, shekara huɗu kafin zaman Landan. A filin kurket mai faɗin gaske ake yin ta, mutum 18 kowane ɓangare, sanduna huɗu a kowane ƙarshe, tsakiya maki 6, gefe maki 1. Ko a Ostareliyar ma Sydney da Brisbane sun fi son zari-ruga ta lig.

Ta Ailan ce ta fi ba ni sha'awa, don akwai abin da mutumin Dandi zai gane a cikinta. A 1884 Michael Cusack da wasu suka kafa hukumar GAA a garin Thurles da niyya ɗaya: kada wasannin Ingila, mai mulkinsu, su haɗiye nasu. Mutum 15 ke bugawa da ƙwallo mai zagaye, da hannu da ƙafa, a raga maki 3, saman sanda maki 1. Har 1971 duk ɗan hukumar da aka kama yana buga ƙwallon ƙafa ko zari-ruga, ko ma yana kallo, ana iya korarsa. A Nuwamban 1920 dakarun Birtaniya sun buɗe wuta a filin Croke Park ana tsakiyar wasa suka kashe mutum 14. Yau filin yana ɗaukar sama da mutum dubu 82, kuma 'yan wasan da ake cika shi don kallonsu malaman makaranta ne da manoma da ma'aikatan banki, ba a biyansu albashin wasa, kowa gundumarsu yake bugawa. Abin da Ailan ta yi da ƙwallonta shi Nijar ta yi da kokawa, tun da aka fara gasar takobi a 1975. Jihar Dosso, wadda Gaya ke cikinta, ita ta haifi Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobin fiye da kowa a tarihi. In ana wannan gasa, a tsallaken iyakar nan ko Real Madrid sai ta jira. Wasa irin wannan yana da ƙarfi ƙwarai a gida, amma ƙarfin nasa shi ke hana shi tafiya, don kishin gida ba a fitar da shi waje a sayar.

To ta yaya ɗayar ta iso mu? Wasan farko da aka rubuta labarinsa a Najeriya an yi shi a Kalaba a 1904, ɗaliban makarantar Hope Waddell suka doke ma'aikatan jirgin ruwan yaƙin Ingila HMS Thistle da ci 3 da 2. Daga nan sai makarantun mishan, barikin soja da na 'yan sanda, da ma'aikatu irin su reluwe da tashar jiragen ruwa ta Legas. Jirgin ƙasa ya kawo ta Kano da Zariya da Kaduna da Jos, ta sauka a Sabon Gari kafin ta shiga cikin ganuwa. An fara Kofin Gwamna a 1945, kuma Kano ce ta fara fitar da shi daga Legas a 1953. A 1949 tawagar Najeriya ta farko ta je Ingila, su Teslim Balogun da Dan Anyiam, akasarinsu ba takalmi, suka ci wasansu na farko da Marine Crosby 5 da 2. A riƙe wannan batu na rashin takalmi. Babu wani wasa cikin sauran shidan da za ka shiga ƙafa tsirara ka kara da Bature a gidansa har ka ci shi.

Abin lura, Turawan da suka mulki Arewa ba ƙwallon ƙafa suka fi damuwa su koya wa 'ya'yan sarakuna ba. Folo suka kawo, wadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya runguma, da kurket, da wasan fayis na makarantar Eton da ake buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu. Wani malami Hogben, wanda ya koyar a Katsina da nan Birnin Kebbi a shekarun 1920, shi ake danganta wa kawo fayis, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya so wasan har ƙarshen rayuwarsa. Folo sai da doki, fayis sai da gini, kurket sai da kaya. Duk suka tsaya inda aka ajiye su. Ƙwallon ƙafa, wadda ba wani babba da ya ɗauke ta a kafaɗa, ita ta bi 'yan makaranta da suka dawo hutu, da tsofaffin soja, da direbobi, har ta kai garuruwan da layin dogo bai taɓa zuwa ba, irin su Kamba da Illo da Ka'oje.

A tsallake ma haka. Faransa ƙasar zari-ruga ce, musamman kudu maso yammacinta wajen Toulouse, amma abin da ya kama a Dahomey, wato Benin ta yau, da Nijar ƙwallon ƙafa ne. A duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka, Madagaska ce zari-ruga ta zama wasan talaka, sai Kodebuwa da ta leƙa kofin duniya sau ɗaya a 1995. A ɓangaren Ingila kuwa zari-ruga ta zauna ne inda Bature ya zauna da iyalinsa ya gina makarantu masu ciyawa: Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Kenya. Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya sau huɗu, 1995, 2007, 2019 da 2023, biyun ƙarshe a hannun Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin. A Afirka ta Yamma sauro bai bar Bature ya yi irin wannan zama ba. Akwai 'yan kulob a Legas, akwai Barewa a Kano, amma ɗan asalin Najeriya da ya fi kowa suna a wasan, Maro Itoje, kyaftin ɗin Ingila ne.

Tarihi ke nan. Sauran bayanin yana ƙarƙashin ƙafarka. Je filin makarantar firamare a Kamba cikin watan Maris ka taka: ƙasa ce busasshiya mai tsakuwa, ko fako mai taurin siminti. Wasan da ƙa'idarsa ita ce a ɗaga mutum a maka da ƙasa sau da yawa cikin awa ɗaya ba zai yi kwana uku a nan ba, iyaye za su kashe shi kafin mai ɗori ya gaji. Matsalar da ɗaliban Charterhouse suka samu da daɓensu ita muke da ita, maganin da suka samo kuma shi ya dace da mu. Ƙwallo mai zagaye tana gangarawa a kowace irin ƙasa, in babu ta kanti a ɗaure tsumma da leda. Doguwar kuwa sai an saya, in ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta nufa ba. Siririn yaro da gajere da dogo duk suna da gurbi a ƙwallon ƙafa. A ƙwallon Amurka akwai gurbin da sai mai nauyin buhun shinkafa biyu da ɗoriya, kuma wanda zai kai wannan jiki sai gidan da ake cin nama kullum.

Dokokin ƙwallon ƙafa kansu 17 ne kacal, kuma hukumar IFAB da ke riƙe da su tun 1886 mai nauyin jiki ce wurin canji. Fanareti ya shigo a 1891. A 1925 aka sassauta dokar satar gida, ƙwallaye suka ƙaru. Katin gargaɗi da jan kati sun bayyana a kofin duniya na 1970 a Meziko, dabarar alƙali Ken Aston don ɗan wasan da ba ya jin yaren alƙali ya gane hukunci. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da nasa ya mayar masa da ƙafa. Na'urar VAR ta shiga kofin duniya a 2018, ita ce kuma doka ta farko da na ga ta raba ƙwallon masu kuɗi da ta talakawa, don ba ranar da za ta zo filin ƙaramar hukuma. In ka cire satar gida, duk sauran yaro ɗan shekara bakwai zai fahimce su da kallo ɗaya.

Mafi muhimmanci, wasan yana jure a rage shi. Tsaya bayan la'asar ka kalli yara a fegin da aka girbe. Takalma silifa biyu nan, duwatsu biyu can, raga ta samu. Babu sandar sama, saboda haka tsawon hannun gola shi ne iyaka, in ya yi tsalle bai taɓa ba an ce ta yi sama. Mutum biyar da shida ma wasa ne, a ba masu biyar ɗin babban yaro. Ba a buga kwana, a tara, kwana uku fanareti ɗaya. Ba satar gida, amma mai laɓewa gaban gola zai sha gori. Ɓangare ɗaya su tuɓe riga don a bambance. Mai ƙwallo ba a cire shi ko da bai iya ba, in ya yi fushi wasa ya mutu. Alƙali shi ne wanda ya fi ƙarfin murya, agogo kuma ladanin magariba. Yaran nan, ba tare da sun sani ba, abin da makarantun Ingila suka yi kafin 1863 suke yi, suna yanka doka daidai filinsu. Bambancin shi ne duk yadda suka yanka, abin da ya rage ƙwallon ƙafa ce. Cire kwalkwali da alƙalai da layukan yadi daga ƙwallon Amurka, abin da zai rage faɗa ne.

Sai dai akwai gyara a maganar farin jinin nan. Yawancinsa yau na kallo ne. Gidan kallon ƙwallo a garin iyaka ba ya ɓuya: rumfar kwano, bencina a jere, allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli, janareto na kuka a baya ko faifan sola a sama, talabijin biyu ko uku kowace da wasanta, mai shayi da mai tsire sun kafa a bakin ƙofa. Ɗan kabu-kabun da bai taɓa zuwa Abuja ba zai lissafa maka 'yan bencin Arsenal da kuɗin da aka sayi kowa. Nan dikodar DStv, tsallake ta Canal+ da sharhin Faransanci, kuma tun da Canal+ ya saye kamfanin MultiChoice a 2025, kuɗin bencin Kamba da na Malanville aljihu ɗaya suke komawa. Ko lokaci ya taimaki Turai: wasan Firimiya da Laliga yana faɗowa tsakanin la'asar da bayan isha'i, Super Bowl kuwa sai bayan sha biyun dare agogonmu, daren Litinin, lokacin da mai gidan kallo ya kashe inji. Mata ba sa shiga rumfar, ko da yake Super Falcons sun ci kofin Afirka sau 10, maza sau 3. 

Tazarar da ke tsakanin kallo da bugawa tana da faɗi a Kebbi. Kano na da Pillars mai kofin lig huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Kebbi United ta daɗe tana fafutuka a rukuni na biyu, filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi bai saba ganin manyan wasanni ba. Duk da haka jihar ta fitar da Zaidu Sanusi, ɗan Jega, wanda ya tafi Fotugal ya faro daga ƙananan kulob irin Mirandela, ya hau Santa Clara, Porto ta ɗauke shi a 2020. Ranar 7 ga Mayu 2022, a gidan Benfica, cikin mintunan da alƙali ya ƙara, shi ya taso daga baya ya zura ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Porto kofin lig. Zaidu shaida ne cewa ƙafa akwai. Shaida ne kuma cewa mai ƙafar sai ya bar jihar kafin a gan shi.

Cikin 'yan shekarun nan masu sauran wasannin sun gane inda gizo ke saƙa, sun shiga rage wa nasu kaya. Zari-ruga ta fito da mai mutum bakwai, minti 14, ta shiga Olamfik a 2016, Fiji ta ci zinare, Kenya ma ta yi suna a cikinta. Amurkawa sun fito da wadda ba a kayarwa, sai dai a fizge ƙyallen da ke rataye a ƙugun mai gudu, mutum biyar biyar, ba kwalkwali. Za a buga ta a Olamfik na Los Angeles a 2028, NFL kuma ta fara kafa sansanin neman matasa a Accra a 2022, daga baya Legas. Ta yiwu mai ƙyallen ta samu shiga makarantun sakandare, don ta kauce wa matsalar faɗuwa. Amma ta zo a makare da shekara ɗari, kuma har yanzu sai an sayo doguwar ƙwallo an kawo malamin da zai bayyana dama huɗu.

Wadda ta samu ƙofa a Kebbi ba daga cikinsu ta fito ba, reshen ƙwallon ƙafar ce: ƙwallon yashi. A gaɓar tekun Brazil ta girma, FIFA ta karɓi gasarta ta duniya a 2005, Najeriya ta ci kofin Afirka a 2007 da 2009. Mutum biyar biyar ne har da gola, zubi uku na minti 12, ba takalmi, ba satar gida, canji ba iyaka, wanda aka yi wa laifi shi ke buga bugun tazara ba tare da katanga ba, kuma ba a tashi canjaras. Yashi ba ya barin ƙwallo ta gangara, don haka a sama ake wasan, da ɗagawa da kai da wulƙitawa. Abin mamaki, jihar da ba ta da teku ita ta zama ɗaya daga cibiyoyin wasan a ƙasar nan: kulob ɗin Kebbi Fishers na cikin na gaba tun da aka fara gasar lig ta ƙasa a 2021, Birnin Kebbi kuma ta sha karɓar baƙuncinta. Ga ƙananan hukumomin Dandi da Bagudo, da kogin Kwara ya ratsa, wannan ne wasan da ya fi arha a kafa, fili bai kai rabin na ƙwallon ƙafa ba, ciyawa ba a nema, yaran masunta kuma a kan yashi suka tashi. Cikas ɗin na lokaci ne. Kwara a wannan yanki yakan cika da ruwan damina, ya sake cika cikin hunturu da ruwan da ya taso daga Gini, ba ya janyewa sosai ya bar tudun yashi sai wajen Afrilu zuwa Yuni. Lokacin kuwa bazara ce, yashin da rana ba ya takuwa da ƙafa tsirara, ga manoma sun fara sharar gona. Duk mai son shirya gasa a Lolo ko Dole Kaina, ko dai ya tsara ta da sassafe da bayan la'asar cikin waɗannan watanni, ko ya sa tifa ta kwaso yashin a zuba a cikin gari.